Shirun da Muka Haddace a Darrasa

Shekarun baya, tun gemuna bai san furfura ba, na taɓa tsayawa a gaban Japanawa cikin babbar riga, ni da abokaina biyar, muka rera musu waƙarsu da yarensu. Na san wasunku za su ce tsoho ya fara zuƙi ta malle. Ku dai bari na kai ƙarshe, don a cikin labarin har da inda na kwafsa, kuma mutum ba ya ƙirƙiro wa kansa irin wannan kwafsi.

A farkon shekarun tamanin ne, ina ɗalibi a Alƙahira, ina karatun ƙira'o'in Alƙur'ani. Mu huɗu muke zaune a wani gida a unguwar Darrasa, hawa na biyar, wanda kafin ka kai ƙofarsa ka gama hizbi guda a kan bene. Babbanmu a gidan wani mutumin Damagaram ne, ya girme mu da kusan shekara goma sha biyar, Malam muke ce masa. Mahaddaci ne na gaske, kuma ba ya raga wa kowa a karatu. Ni kuwa Bakano ne, don haka tsakanina da shi kullum tsiya ce, tun daga wanda zai sauka sayen wake da gurasa da safe har wanda garinsu ya fi tarihi.

Wata rana a wani kantin littattafai na bayan masallaci na tarar da wani gajeren mutum mai tabarau yana fama da mai kanti. Larabcin littafi yake yi tsantsa, yana ba kowace kalma wasalinta na ƙarshe, mai kanti kuma yana ta murmushi yana ce masa bai gane ba. Na shiga tsakani na samo masa littafin da yake nema. Ashe shugaban wata 'yar ƙaramar makaranta ce ta 'ya'yan Japanawa a unguwar Zamalek. Ya ce Larabcina yana fita a hankali, ba irin na mutanen gari da suke haɗiye rabi ba, ko zan riƙa zuwa sau biyu a mako ina koya wa yaransa? Na amsa tun kafin ya rufe baki.

Makarantar wani tsohon gida ne mai lambu. Ɗalibai goma ne cif. A bakin ƙofa ake cire takalmi a jera, abin da ya fara sa ni jin cewa mutanen nan ba baƙi ba ne sosai. Yawancin iyayensu maza injiniyoyi ne da suke aiki can bakin mashigin ruwa, sai an daɗe suke leƙowa gida. Tara daga cikin yaran ƙanana ne. Ta goman ita ce babba, 'yar shekara goma sha biyar, ita kaɗai a ajinta. Shekararta huɗu a Misira, kuma Larabcin titi da take yi ya fi nawa nesa ba kusa ba. Idan na yi mata gyara a nahawu sai ta rama da wata kalmar 'yan tasi da ban taɓa ji ba. Yarinya ce mai kaifi, ba ta da yawan dariya.

Su shekarar karatunsu a watan Maris take ƙarewa, lokacin da sanyi ya janye itatuwa suka fara fure. Shugaban ya yi mini bayani cewa a ƙasarsu akwai waƙoƙi na musamman na wannan lokaci, na ban-kwana da shiga sabuwar rayuwa, kuma kowace makaranta tana da wadda ta riƙe. Ya ce mutum zai tsufa ya manta sunayen malamansa, amma ba ya manta waƙar da aka sallame shi da ita. Ya nuna mini wata itaciya a lambun da ta cika da jan fure ba ganye ko ɗaya, ya ce tun da babu irin furensu a nan, ita suke kallo a madadi. Na dube ta da kyau, sai na ga ai gurjiya ce, irin ta bayan garinmu. Na faɗa masa har miya ake yi da furenta, ya daɗe yana kallona.

A shekarar yarinyar nan za ta gama, ta koma Japan ita kaɗai ta ci gaba da karatu, iyayenta su zauna. Matsalar kuwa ita ce ta ce ba ta son a yi mata biki. A miƙa mata takardarta a ofis kawai. Dalilinta shi ne waƙar da ake rerawa tana da rabo biyu, na muryar mata da na muryar maza, har akwai baiti guda da maza zalla suke ɗauka. Makarantar kuwa babu namiji mai kaurin murya sai shugaban, shi kuma shi ne mai kaɗa piyano. Ta ce da a rera mata rabin waƙa gara a bari. Shugaban ya gaya mini haka muna shan shayi, kuma na ga abin ya dame shi ƙwarai. Ita ce ɗaliba ta farko da za ta gama a hannunsa.

Nan fa bakina ya riga hankalina. Na ce masa in dai muryar maza ce matsalar, ya kwantar da hankalinsa. A Darrasa akwai samarin da suke ɗauke da littafi sukutum a ka, da ruwayoyi bakwai ko goma, me zai gagare su a waƙa mai baiti huɗu? Na ce ya ba ni mako biyu. Ya ce ai ba su jin yaren. Na ce mu tun muna yara muke haddace abin da ba mu san ma'anarsa ba, ma'ana daga baya take zuwa ta same mu.

Babu wanda zai zo Darrasa ya koya mana, kuma mu ba mu iya karanta rubutun kiɗa ba. Da kunne muke ɗauka. Kaset ɗin waƙar kuma guda ɗaya ne a duk garin, yana hannun yarinyar. An ɗauke shi ne ranar da yayanta ya gama makaranta a can gida, kwana kaɗan kafin su taso, shi aka bar shi wajen kakarsu. Tun daga ranar ba ta sake ganinsa ba. Mahaifiyarta ce ta lallashe ta ta kawo. Ta miƙo mini shi a naɗe cikin hankici, ta ce da Larabcinta na titi:

"Ustaz, ma'alish, ka yi haƙuri, amma ba za ku iya ba. Zan zo saboda mahaifiyata. Zan tsaya, zan karɓi takarda. Bakina dai ba zan buɗe ba."

Na ce mata za mu gani. Na sa kaset a aljihun gaba, na hau bas ina dafe da shi har Darrasa.

Da na kawo maganar a gida, Malam ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shi ya san Bakano ba ya fita kasuwa ya dawo hannu wofi, amma bai taɓa jin wanda ya ɗauko dillancin waƙar Japan ba. Ya ce ba zai sa bakinsa a abin da bai san me yake cewa ba. Na koma wajen shugaban ya fassara mini da Larabcinsa mai wasulla. Waƙar tana maganar hanyar da yara suka saba bi zuwa makaranta, da itaciyar bakin ƙofa wadda za ta sake fure baɗi ba su nan, da kujerun da wasu za su zauna a kai. Baitin maza kuma yana cewa ne mun zo ba mu san komai ba, an yi haƙuri da mu, yanzu za mu juya baya mu tafi. Da na karanta wa Malam sai ya karɓi takardar ya duba da kansa. Can ya ce wannan ai kowane ɗalibi yana iya faɗinta.

Na tara mutum takwas. Biyu suka janye da suka ji akwai piyano, ba mu yi musu da su ba, kowa da fahimtarsa. Muka rage shida: ni, Malam, wani abokina Basakkwace mai ƙarancin magana, wasu 'yan Maraɗi biyu, da wani ɗan Bauchi mai murya kamar ana mirgina turmi.

Kullum bayan La'asar sai mu hau saman bene da rediyo mai kaset na aro, mu zauna tsakanin igiyoyin shanya da kejin tantabarun maƙwabta. Malam ya karɓe ragamar abin gaba ɗaya, ya mai da shi darasu. Muka rubuta sautukan da ajami, muka sa musu wasali. Inda aka ja murya sai ya ƙirga da yatsa, ya ce nan ja biyu ne, nan huɗu, kada wanda ya ƙara ko ya rage. Ni ne mai mayar da kaset baya da biro don kada batir ya ƙare. Idan wani ya karkace sai Malam ya buga cinya ya ce a maimaita. Wata tsohuwa Bamisiriya da take shanya a benen kusa ta tambaye mu wace ɗariƙa ce wannan. Ɗan Bauchi ya ce mata sabuwa ce, daga gabas mai nisa.

Kaset ɗin ya sha jiki, akwai shuu a cikinsa kamar ana suya. Baiti na farko kowa da kowa ne, na biyu mata, na uku maza. A tsakiyar baiti na ukun nan, daidai inda ake cewa za mu juya baya mu tafi, sai muryoyin mazan su ɗauke. Piyano ma ya tsaya. A yi tsit. Sannan wata murya guda ɗaya ta taso ita kaɗai, tana ɗan rawa, ta ɗauki layin ta kai shi ƙarshe, sai kowa ya shigo a tare da ƙarfi.

Malam ya sa na mayar da wajen nan ya fi sau goma. Ya ƙirga shirun, ya ce numfashi uku ne. A karatunmu akwai wuraren da ake ɗan tsayawa a tsakiyar aya ba don ma'ana ta ƙare ba, sai don haka aka karɓo daga malamai, sakta muke ce mata. Ya ce to su ma ga tasu saktar, sai dai ta fi tamu tsawo. Ya sa alama a takarda.

Abokina Basakkwace ya ce a hankali, shi fa wajen nan ya fi yi masa kama da kuka. Ni kuwa na yi caraf na ce ina, kusan shekarata guda cikin mutanen nan, ban taɓa ganin hawayen ko ɗaya ba, ko yaro ya faɗi ba ya kuka a gaban mutane. Na ce waɗanda suke auna tsawon layin takalma da ido ba za su tsaya a waƙa ba sai da ƙa'ida. Na yi ta zuba kamar a can aka yanke mini cibiya. Basakkwacen ya ce to, kai ka san su. Malam ya yanke hukunci cewa ba aikin ɗalibi ba ne ya gyara abin da aka ba shi, yadda aka karɓa haka ake bayarwa. Ya ce kuma tun da Bakano ne ya jawo mana, shi zai ɗauki layin mutum ɗaya, har da rawar muryar.

Kwana uku kafin bikin shugaban ya ce mu zo a yi gwaji tare da yara. Muna da sauraron hadda a wajen shehinmu a ranar, amma gaskiya da na so da mun samu lokaci. Girman kai ne kawai. Na tsaya a ofishinsa na rera masa baiti na farko ni kaɗai. Ya cire tabarau ya goge, ya ce har karin harshen mutanen arewacin ƙasarsu na ɗauko. Na ce to ka gani, sauran ma haka suke, ba ma bukatar gwaji. Shi bai taɓa sauraron kaset ɗin ba, don ya san waƙar tun yana yaro, daga littafi yake kaɗa ta.

Ranar biki muka ci ado. Manyan riguna, huluna, Malam har da rawani. A cikin bas daga tashar Ataba mutane suka yi ta buɗe mana hanya suna zaton tawagar wata ƙasa ce. A hanya muka yi shawarar gaisuwa, don su rusunawa suke yi har ƙasa-ƙasa, mu kuma ba ma yi wa mutum ruku'u. Muka tsaya a kan mu dafa ƙirji mu ɗan sunkuyar da kai. Mai gadin makarantar, wani Basa'ide, mutumin kudancin Misira, ya bi mu da kallo har muka cire takalma muka jera su kusa da na yara. Takalmin ɗan Bauchi ya yi uku na kowane.

A babban falon gidan aka yi. Furen gurjiya cikin kwalabe, kujeru a jere, iyaye mata sun zauna kamar an dasa su. Mahaifin yarinyar ya iso daga wajen aiki da safen nan, wuyansa duk rana ta ƙone. Komai nasu a tsanake ake yi, ba tari ba motsi. Aka kira sunanta, ta amsa, ta taka ta karɓi takarda da hannu biyu, ta koma ta tsaya ita kaɗai a gaba tana fuskantar jama'a. Fuskar nan a ɗaure tamau. Ko inda muke ba ta kalla ba.

Shugaban ya zauna a piyano ya fara. Muka shiga baiti na farko tare da yara, kuma wallahi ko ni da nake ciki sai da tsigar jikina ta tashi. Muryoyin yaran siriri a sama, namu a ƙasa yana riƙe da su. Na ga iyaye mata suna ɗago kai ɗaya bayan ɗaya. Mahaifin ya buɗe baki ya manta bai rufe ba. Yarinyar kuwa leɓenta ko motsi. Yara mata suka yi baiti na biyu, muka ɗauki na uku mu shida, ɗan Bauchi yana girgiza gilashin taga. A zuciyata har na fara shirya yadda zan ba da labari a Darrasa.

Muka iso wajen alamar Malam, muka ɗauke wuta gaba ɗaya, kamar an yanke da wuƙa.

Piyano ya ci gaba shi kaɗai, taku biyu ko uku, sannan ya tsaya. Shugaban ya juyo. Ban taɓa ganin tsoro ƙarara a fuskar mutum irin na ranar ba. Kallo ɗaya na yi masa na gane cewa shirun nan ba ya cikin littafinsa, ba ya cikin waƙar, kuma Basakkwace ne ya yi gaskiya. Yaran kaset ɗin kuka ne ya ci ƙarfinsu. Mu kuma mun kwashi kukan mutane mun haddace, mun zo mun ajiye shi a tsakiyar bikin yarinya.

Numfashi uku suka wuce. Nawa ne layin. Malam ya taɓa ni da gwiwar hannu. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Layin da na maimaita ya fi sau ɗari, ya gudu ya bar ni da gumi yana bin bayana. Numfashi na huɗu, na biyar. Na ji wani ƙaramin yaro yana motsa ƙafa. Na ce shi ke nan, rabin waƙar da ta ƙi, yau ga shi na kawo mata wadda ta karye a tsakiya.

Sai murya ta taso daga gaba. Yarinyar ce. Idonta a rufe, takardarta a ƙirji, ta ɗauki layin daga daidai inda aka ajiye shi. Muryar tana rawa, kuma a daidai wuraren da ta kaset take rawa. Ta kai shi ƙarshe ita kaɗai. Malam bai jira kowa ba, ya ɗaga yatsa, muka shigo da ƙarfi yadda muka karɓa. Yara suka shigo, piyano ya biyo mu a guje ya kamo, iyayen ma suka shigo. Baiti na huɗu da ita aka yi shi tun daga farko har ƙarshe, hawaye yana sauka har haɓarta ba ta share ba. Mutanen da na rantse ba sa kuka, ranar sai da hankici ya yi ƙaranci a falon nan.

Da aka tashi na nufi shugaban ina haɗa kalmomin ban-haƙuri. Ya riƙe hannuna da nasa biyu, ya kasa haɗa Larabcin, wasullan duk suka zube. Da ƙyar ya ce shirun ba ya cikin waƙa. Na ce na gane, a makare. Malam da ke bayana ya ce a faɗa masa mun ɗauka ƙa'ida ce, kuma laifin na wani Bakano ne da ya ce ya san Japanawa ciki da waje. Basakkwace murmushi kawai ya yi, kuma wannan murmushin ya fi mini zafi.

Muna sa takalma a bakin ƙofa yarinyar ta fito ta same mu. Ta tsaya a gaban Malam, don ta gane shi ne babba. Ta ce muryar nan guda ɗaya da ke cikin kaset ta yayanta ce. Duk ajinsu suka kasa, shi ya ɗauka. Shekara huɗu tana kunna kaset ɗin, kuma ba don waƙar take kunnawa ba, don wajen nan ne. Ta ce tun da aka fara shirin biki abin da yake ranta shi ne ko an samu maza, waƙar littafi za a rera, a wuce wajen ba a tsaya ba. Sannan ta tambaya:

"Ya shehi, wa ya gaya muku ku bar masa wurinsa?"

Malam ya gyara rawaninsa ya ce, "Ba wanda ya gaya mana, 'yata. Abin da kika ba mu, shi muka dawo miki da shi. Mu ba a koya mana zubar da komai a hanya ba."

Ta rusuna masa irin tasu, ta daɗe ba ta ɗago ba. Shi kuma ya dafa ƙirji. Na ciro kaset daga aljihu, cikin hankicinsa, na miƙa mata. Ta karɓa ta dube ni, ta ce da Larabcin 'yan tasi, "Amma kai Ustaz, layinka ya gudu." A ranar na fara jin dariyarta.

Bayan kwana goma ta tafi. Ban sake ganinta ba, sai kati da take aiko wa makarantar, a ƙasa ta rubuta gaisuwa ga shehunan Darrasa da ajamin da na koya mata. Na ƙara shekara uku ina koyarwa a wajen, kuma duk watan Maris ana gayyatar mu. A shekara ta biyu shugaban ya tambaye mu ko za a bi littafi. Yaran da kansu suka ce a'a, a nan ana tsayawa. Har wanda ya gaje shi ya zo ya tarar da abin haka, ya sa alama da fensir a littafinsa. Malam ya ce to yanzu ta zama ruwaya, tana da isnadi: daga yaron, zuwa kaset, zuwa mu, zuwa yara.

Da lokacin komawata gida ya yi, shi ma a bazara ya faɗo. Bayan La'asar abokai suka hau da ni saman benen nan, aka yi shayi, aka yi addu'o'i, aka yafi juna. Ina shirin sauka sai ɗan Bauchi ya ja baiti na farko, sauran suka kama. Ina dariya na shiga. Muka zo wajen juya baya a tafi, suka yi tsit, duk suka zuba mini ido. Na san layin sarai a wannan karon, yana nan a kan harshena. Na dubi hasumiyoyin masallatai, na dubi Malam wanda na san da wuya mu sake haɗuwa, layin ya ƙi fitowa. Shi ya ɗauka mini, da muryarsa ta tilawa. Da aka gama ya ce sau biyu ke nan a duniya ana ba Bakano layi ɗaya tak, sau biyun bai kawo ba. Yana faɗa yana share ido da bakin rawani.

Na yi abubuwa a rayuwa da aka ba ni takarda a kansu, wasu suna rataye a bango. Amma idan ina son na ji daɗin kaina, ranar nan nake tunawa. Ba don wayona ba, kun dai ji yadda wayona ya ƙare. Ina alfahari ne da irin tarbiyyar karatun da aka yi mana, wadda ta hana mu taɓa abin da ba mu gane ba. Da mu masu gyare-gyare ne, da mun cike gurbin nan mun wuce, an tafa mana, yarinyar kuma ta koma ƙasarsu bakinta a rufe. Samari shida daga Kano da Damagaram da Sakkwato da Maraɗi da Bauchi, ba mu san kalma goma ta yaren ba, muka ɗauko abin da ya fi komai tsada a kaset ɗin muka kai shi lafiya. Har yau idan ɗalibi ya karanta mini ya yi sauri a wurin tsayawa, sai na ce ya koma, bai san me aka ajiye a wurin ba.

Malam ya rasu shekarun baya a garinsu, Allah Ya jiƙansa. Waƙar kuwa tana nan a kaina da jan biyu da jan huɗunta. Kwanakin baya ina zaune a tsakar gida ina rera ta ƙasa-ƙasa, jikata tana kusa tana wanke allonta. Na zo wajen na yi shiru. Ta ɗago ta ce, "Kaka, mantawa ka yi?"

Na bari numfashi uku suka cika, sannan na ce mata a'a, haka na karɓa.